Gwajin Layin Kumasi

Ku yaran yanzu ba ku da dama. Jiya ina zaune a bakin shagon nan ina jona wa mutane caji, sai na ji ɗayanku yana cewa wai Kawu Umaru Halo da ma can aikinsa danna lamba ne kawai, ya miƙa wa mutum waya, ya karɓe kuɗi. Na ji ka, kuma na gane muryarka, don da kunne na ci abinci. To ku gyara zama. Ku da kuke kallon fuskar ɗan'uwanku yana wata ƙasa kuna nan Jega, har ku ce masa ya rame, ba ku san an yi lokacin da sai an hau babur ake kai muryar mutum gidansu ba.

A Birnin Kebbi na koyi aikin, wurin wani dattijo, Alhaji Bawa, mai shagon tarho irin mai igiyar nan. Da farko ko lamba bai bar ni na taɓa ba. Agogo ya ɗora mini a hannu, ya ce ido ɗaya a kan agogo, ido ɗaya a bakin mai magana. Bahaushe ba ya sallama sau ɗaya. Zai ce sai an jima, ya tuna bai tambayi lafiyar goggo ba. Ya sake cewa sai an jima, ya tuna da bashin gaisuwar maƙwabci. Aikinka ka gane wace sallama ce ta gaskiya, hannunka yana kusa, ka kashe kafin minti ya faɗa cikin wani. In ka yi gaggawa ka yanke wa mutum magana, ka yi maƙiyi. In ka yi nawa, ya ce kai ka ci masa kuɗi. Alhaji ya kuma koya mini toshe kunne, abin da aka faɗa a waya a bar shi a waya. Darasi na ƙarshe kuwa kullum sai ya maimaita shi idan tarhon ya yi ƙara ana neman wani maƙwabci. Yakan yi tsaki ya ce, "Umaru, mai kira shi ka cin kasuwa. Mai amsawa ɗan rakiya na." A lokacin dariya nake yi, ban san da ni yake ba.

Da wayar hannu ta iso Jega sai na dawo gida, na sayar da rabona na albasar shekarar, na haɗa kayan aiki. Wayar wata ƙatuwa ce mai ɗan ƙaho, in ta faɗo maka a ƙafa sai ka yi ɗingishi. Sai lema, da tebur, da benci, da agogo, da batirin mota na caji, don wuta ba abin dogaro ba ce. Sabis a lokacin sai an yi farautarsa. Na ɗaure eriya a kan doguwar gora, ina juya ta sannu sannu har sanduna su hau a fuskar waya, sannan in ɗaure gorar da igiya in roƙi iska ta yi haƙuri. Akwai kuma wani tsohon babur da sai an tura yake tashi. Na kafa lemata a bakin tasha, inda manyan motoci ke lodin albasa.

Masu zuwa kuwa iri iri. Dillalan Aliero su ne abincina, kullum suna tambayar yadda buhu ya kwana a Ikko da Anacha. Maganarsu gajera ce, kuma ba sa ciniki. Akwai mahauta, akwai direbobi. Akwai wani mutumin Maiyama da ya ɗauka nisan gari shi ne ƙarfin murya, in yana kiran Sakkwato ana jinsa a bakin titi, in Ikko ce har cikin kasuwa. Na ga wanda ya cire takalmi ya durƙusa a ƙasa saboda surukinsa ne a layi. Na ce masa ai ba ya ganinka. Ya rufe bakin waya da hannu ya ce da ni, "Allah na gani na."

Yadda aka yi na shiga harkar ƙasar waje, wani direba ne ya dawo daga Kumasi ta ƙasar Gana ya ce akwai mai irin sana'ata a can bakin kasuwar albasa, sunansa Isaka, yana neman abokin hulɗa a nan. Kun san yaranmu da yawa suna bin albasa can, su zauna su sayar, wasu su shekara ba su zo gida ba. Direban ya ba ni lamba, na kira. Hausar Isaka ta zangon Kumasi ce, ba ruwansa da mace ko namiji, kowa "shi" ne. Zai ce maka, "Maman yaron ya zo?" In ce masa, "Isaka, maman yaron ta zo dai." Shi kuma ya ce ni ne Hausata duk munka da sunka, sai ka ce ana daka. Har yau ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma ko cikin barci ya yi tari zan gane shi.

Yarjejeniyarmu ba ta da wuya. In mutumin can yana son magana da gida, ya biya Isaka, Isaka ya kira ni, ni in nemo wanda ake so ko in kai masa waya, ba ko kwabo. In mutumin nan yana son magana da can, ya biya ni, in kira Isaka, shi ma ya nemo mini mutum kyauta. Ba ni gishiri in ba ka manda. Muka yi fatiha a waya, kowa ya shafa a ƙasarsa.

Kuskurenmu na farko agogo ne. Muka sa magana ƙarfe huɗu, na ɗauko wani tsoho tun daga Fagada na zaunar da shi a benci. Huɗu ta yi, shiru. Tsoho ya fara duban rana yana dubana. Sai da biyar ta buga waya ta yi ƙara, Isaka yana ta fara'a wai ga shi a kan lokaci. Ashe agogonsu yana bayan namu da awa guda. Daga ranar muka bar ƙarfe muka koma salla. A ce bayan la'asar, ko bayan an sauko Juma'a, wannan ba ta cika saɓawa da yawa ba.

Bari in ba ku misalin aiki ɗaya, don ku san abin da ake kira kai waya. A Gehuru akwai wani dattijo manomi, Malam Garba, ɗansa na fari Sanusi yana Kumasi. Isaka ya kira da hantsi ya ce Sanusi zai gai da gida bayan azahar. Na naɗe lema, na sa waya a aljihu, na tura babur. A Gehuru kuwa sabis wuri ɗaya yake sauka, kan wani suri a bayan gari. Nan muka hau, ni da Malam Garba, da uwar Sanusi, da rabin unguwa a ƙasa suna kallo. Waya ta yi ƙara. Malam ya karɓa, ya amsa gaisuwa da "lahiya, lahiya, madalla," ya yi wa yaro faɗan salla, ya miƙa wa uwar. Ita kuwa kunyar ɗan fari, ta karɓi waya ta juya baya ta yi shiru. Ina jin Sanusi yana ta "Inna, Inna," kuɗinsa na ƙonewa. Can ta miƙo mini ta ce, "Hwaɗa mishi shi riƙa cin abinci." Ita ke nan maganar. Aka cika mini ƙwarya da fura, aka sa mini albarka har na ji nauyi, na hau babur na dawo.

Ina isowa tasha na tarar dillalaina uku suna zaune a ƙarƙashin wata lema a tsallaken titi. Wani Ɗanladi ne ya buɗe tasa, kuma shi ya rantse wayarsa ba ta amsa kiran kowa, fita kawai take yi. Wayo ke nan, ban ga laifinsa ba.

Abin da ni da Isaka ba mu lissafa ba, shi ne halin mutanenmu. A wurinmu yaro ke zuwa gai da babba. Waɗanda ke Kumasi kuwa duk yara ne, iyaye suna nan. Saboda haka kira ya zama hanya ɗaya, daga can zuwa nan. Isaka yana zaune yana karɓar kuɗin minti, ni ina kan babur tsakanin Gehuru da Fagada, wani lokaci har Kuberi ta wajen Maiyama. Waya ɗaya gare ni. Duk sa'ad da take amsa gaisuwa, ba ta kiran Ikko. Duk sa'ad da take ƙauye, lemata a naɗe take. Na yi suna, kowa ya san Umaru Halo, tsofaffi suna sa ni a addu'a, amma ciniki yana tsallaka titi. Na fara ganin in ba a yi wani abu ba, lemar nan naɗewa za ta yi gaba ɗaya.

Akwai wani injiniya mai zuwa duba ƙarfen sabis, yakan sha shayi kusa da ni. Na kai masa kukana, ya yi dariya ya ce ai manyan kamfanonin ma rigimarsu ke nan. Idan kira ya tashi daga wata ƙasa ya sauka a wata, kamfanin da ya karɓi kuɗi a hannun mai kira sai ya ba wanda kiran ya sauka a layinsa wani abu. In kira yana tafiya yana dawowa daidai, sai su tashi babu mai bin wani. In ya karkata gefe ɗaya, nan ake zaman sulhu, wani lokaci har a ɓata. Ya ce ni ma in sa kuɗin sauka, duk wanda aka kira ya biya. Na auna abin a raina. A ce Umaru ya sayar wa tsohuwa gaisuwar ɗanta? Da wane ido zan shiga Gehuru? Na ce a'a, wannan sai kamfani.

Na gaya wa Isaka dai. Mutumin kirki ne, bai musa ba. Ya ce, "Masta Umaru, gaskiyarka. Amma mutanenka ne ba su kira, ni ban hana su ba. Ga ni zaune, ƙafata lafiya lau, ka aike ni mana." Bayan ɗan lokaci ya aiko mini da huhun goro ta hannun direba, goro mai kyau, ɗan asali. Na ji daɗi ƙwarai, na raba wa mutane. Sai dai babur ba ya shan goro.

Sai na ce bari in gyara abin daga tushe, in koya wa iyaye kira. Na fara da Malam Garba, ranar kasuwa, ya zo sayen igiya. Na ba shi benci, na sayo masa ruwa, na kawo zance a hankali. Na ce, "Baba, ai kai ma kana iya kiran Sanusi wata rana, ka ji lafiyarsa. Zan rage maka."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ko sunan yaron ba ya faɗa, ɗan fari ne. Ya ce, "Ni in kira yaron ga? Ni nih haihe shi, ko shi yah haihe ni? Umaru, tun da nike ban taɓa ganin rijiya ta tahi wurin guga ba."

Na ce, "Baba, ai waya ce, ba tafiya ba ce."

Ya ce, "Wanda yaf fara sallama shi yaz zo." Ya shanye ruwana ya tashi.

Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, amsar iri ɗaya, sai ka ce sun yi taro. Na haƙura na ci gaba da kai waya, ina gunaguni ina zuwa.

Sai ga muguwar shekara. Albasa ta yi kyau a gona, an cire, an jera a rudu, wato rumfar da ake ajiye ta ta sha iska kafin tsada. Sai ruwa ya sauko tun ba a shirya masa ba, ya kuma ƙi ɗaukewa. Laima ta shiga, albasa ta fara ruɓewa daga ciki. In ka bi hanyar Aliero a lokacin sai ka toshe hanci. Mutum ya buɗe rudunsa da safe, ya tsaya, ya mayar ya rufe. Motoci suka daina lodi, tasha ta zama wurin barcin awaki. Dillalai ba su da abin tambayar farashinsa. 'Yan ragowar masu kira kuma da ma sun riga sun saba da bencin Ɗanladi.

Kumasi ma ta yi tsit. Kaya ba ya zuwa, yaran ba su da abin sayarwa. Wasu suka koma dako a kasuwa. Kuma kun san gaisuwar ɗan da ke nesa ba ta zuwa ita kaɗai, a ƙarshenta akan ce ga ɗan saƙo nan tafe wurin direba. Yaro ba shi da saƙo, kunya ta hana shi kira. Uba yana nan, girma ya hana shi kira. Ni da Isaka muna tsakiya, kowa ya tasa wayarsa a gaba. Da ina kukan kira ya yi mini yawa, yanzu ko na kuskure babu. Nakan ɗaga wayar in duba ko ta mutu ne, in ga sandunan sabis a cike.

Na ji tsoro a shekarar nan, ba zan ɓoye muku ba. Ina da iyali, kuma ban iya wata sana'a ba bayan noman da ya riga ya ruɓe. Ɗanladi ya tsallako ya taya wayar da batiri da eriya, tayin wulaƙanci, amma shi kaɗai ya taya. Na ce na sallama. Muka yi da shi ranar kasuwa, in an yi la'asar, ya zo ya kwashe.

To akwai abin da na daɗe ina gani ban gane ba. Tun da kira ya ɗauke, duk ranar kasuwa sai Malam Garba ya zo ya zauna a bencina. Ba ya sayen komai, ba ya cewa komai, wai inuwa yake sha. Alhali inuwar lema ba ta kai ta darbejiyar da ke gefe ba. Ya zauna, ya saci kallon wayar a kan tebur, ya ja carbi, ya tafi. Ranar da Ɗanladi zai zo ma ya zo, ya zauna har azahar ta wuce. Can ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Umaru, wayar ga taka lahiya take kuwa?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba."

Ya ce, "Anya? Na ga ta kwana biyu ba ta kuka. Ba mamaki layin waje ya toshe, ana can ana ta kira ba shi shigowa."

Na buɗe baki zan ce masa layi garau yake, sai na dubi fuskarsa. Dattijon nan ya faɗa, idonsa ya zurma. Kukan kurciya jawabi ne. Na haɗiye maganata na ce, "Wallahi Baba ka tuna mini. Rabon da a gwada layin Kumasi an daɗe."

Ya ce, "To ka gani. Mutum shi zauna da kayan aiki bai gwada ba? A gwada mana. Ko nawa na kuɗin gwajin, ni ka biya, don amfanin jama'a."

Na juya gora, na ɗaure, na danna lambar Isaka. Ban ma sani ba ko shi ma ya sayar da tasa. Ta yi ta ƙara, har na fid da rai, sai na ji, "Masta Umaru! Kana da rai?"

Na ɗaga murya yadda Malam zai ji na ce, "Isaka, gwajin layi muke yi. Kana ji na?"

Ya ce, "Ina jin ka kamar kana gabana."

Malam Garba ya girgiza kai ya ce, "Wanga ba gwaji ba na. Ƙaƙa za a gane layi ya gyaru da muryar da ba a sani ba? Mutumin ga ko da layi ya murɗe mishi murya, wa ka ganewa? Sai dai in da wani ɗan garinmu nan kusa, wanda anka san muryatai tun yana ƙarami."

Na ce, "Isaka, ka ji. Ana son muryar gida. In da wani ɗan Gehuru kusa."

Isaka ba yaro ba ne. Ya ce, "Na gane. Yana can ƙarshen kasuwa wurin masu doya, da nisa. Kashe wayarka kada ta ci ka, ka ba ni lokaci." Na fara ba shi haƙurin wahala, ya katse ni. "Shekara nawa kana hawa babur saboda ni? Yau dai Allah ya kawo ranar ƙafata."

Muka zauna jira. Aka kira la'asar, muka yi salla a gefen tasha, muka dawo. Sai ga Ɗanladi ya turo baro, ya tsaya a gaban tebur, ya fara kwance igiyar gorata. Ban hana shi ba, don magana na riga na yi. Malam Garba ne ya ɗaga sandarsa ya dafa gorar.

Ya ce, "Yaro, ana gwaji."

Ɗanladi ya ce, "Baba, ai na saya."

Ya ce, "Ka biya?"

"Yanzu zan biya."

"To kayan da ba a gwada ba za ka saye? Wa yak koya maka ciniki? Koma gehe."

Ɗanladi ya koma gefe ya zauna a kan baronsa. Ni kuma na sake danna lamba. Isaka ya ɗauka yana haki kamar wanda kare ya biyo. Na ji yana ce wa wani, "Riƙe, Jega ne suke gwajin layi, muryarka kawai ake so, ba wani abu ba." Na miƙa wa Malam. Ya karɓa da hannu biyu, ya kara a kunne, ya kafe bakinsa bai ce uffan ba. Shi fa ba zai fara sallama ba ko za a kwana. Sai na ji 'yar murya daga can tana cewa, "Salamu alaikum. Wa ke nan?" Malam ya yi tari ɗaya. Tarin kawai. Muryar ta ce, "Baba?"

Na tashi na ba su wuri, na je wurin mai shayi na tsaya. Abin da zan faɗa muku shi ne abin da duk tasha ta ji, don Malam da ya saki baki ya manta a kasuwa yake. Ya ce, "Albasa tar ruɓe, ba mu ba. Gero na nan cikin rumbu. Wa yac ce maka saƙo muka jira?" Daga nan ya sassauta murya. Agogo yana hannuna, amma ranar ban dubi bakin mai magana ba, na bar su har suka gaji don kansu.

Wannan kalma ta gwaji ita ta ci da ni shekaru. Kafin wata ya zagayo labari ya kai Fagada, ya kai Kuberi, ya kai Aliero. Dattawa suka riƙa zuwa ranar kasuwa da kuɗinsu a lalita, kowa da fuskar mai aikin gayya, wai ya zo taimaka mini gwada layi. Babu wanda ya taɓa cewa ya zo kiran ɗansa, ni ma ban taɓa jin an kira kowa ba. Isaka ya koma shi ne ɗan aike, har ya ce mini silifa biyu ya kashe, in tausaya masa. Na aika masa da busasshen kifi da ƙullin gero ta hannun direba, ya ce an gode, amma silifa ba ta cin kifi. Da albasa ta dawo daidai, yara suka koma kira, iyaye kuma ba su fasa gwaji ba. Kira ya riƙa tafiya yana dawowa, Isaka ya ci, ni in ci, har na sayi waya ta biyu, ɗaya ta zaman tasha, ɗaya ta yawo. Haka muka yi har waya ta shiga aljihun kowa, sana'ar ta mutu mutuwar tsufa.

Amma a ranar nan ban san duk wannan ba. Abin da na sani kawai, ga Ɗanladi a kan baro, ga dattijo ya gama magana yana goge fuskar wayar da bakin rigarsa. Na dawo na faɗa masa mintocinsa, masu yawa ne. Ya kwance lalita ya biya cif, bai nemi ragi ba, mutumin da ke yin rabin yini yana cinikin igiya. Na dubi kuɗin, na dubi Ɗanladi, na ce masa ya yi haƙuri, na fasa. Ya ce ai ba a haka. Na ce na sani, gobe zan kawo masa goron ban haƙuri. Ya tura baronsa ya tsallaka titi yana surutu.

Malam Garba ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗauki sandarsa. Na ce, "To Baba, yaya ka ji layin?"

Ya ɗan yi tunani, kamar mai ɗanɗana miya. Ya ce, "Da saura. Muryar tana rawa, kamar ta wanda bai ci ya ƙoshi ba. Kasuwa mai zuwa mu sake gwadawa. Zan taho da uwatai, ta hi ni kunne."